Zauren Kaka da Fatar Aro

Makon jiya wani ɗalibina, mutumin Wonaka, ya shigo ofis da kwamfutarsa yana murmushi, ya ce in duba aikin da ya kwana uku a kansa. Zauren gidan kakansa ne ya gina a cikin manhajar Blender, da zankwayensa da indararonsa da dakalin ƙofar gida, ana juya shi ta kowace fuska. Awo ya yi daidai. Amma da na matso da hoton kusa, sai na ga bangon sanye da jan bulo irin na gidajen Ingila, ƙasan kuma shimfiɗe da tayil mai sheƙi. Na ce masa, "Kai, kakan naka a Landan ya yi zaure?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, abin da na samu a intanet ke nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Duk siffar da aka gina a kwamfuta tana da ƙashi, tana da fata. Ƙashin shi ne tsawo da faɗi da zurfi. Fatar kuwa ita ke sa ido ya yarda cewa wannan ƙasa ce, wancan itace ne. Hotuna ne da dama ake ɗorawa bisa juna: ɗaya na launi zalla, ɗaya na kaushi wanda ke gaya wa haske inda zai yi ƙyalli da inda zai dushe, wani kuma na ƙananan tudu da kwari, kamar tsaga da sawun yatsa. Rumbunan da ake ɗebo waɗannan fatu a intanet cike suke da duwatsu da katako da bulo na ƙasashen waɗanda suka fita da kyamara suka ɗauka. Mu ba mu fita ba, don haka muke aro, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Alhali abin da muke da shi ba kaɗan ba ne. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a shafe bango da ita ya yi duhu ya kori ruwa. Akwai laso, da ake haɗawa da katsin marina. Akwai daɓe, wanda mata ke bugawa har ya yi santsi. Akwai azarar giginya mai zare-zare, da tubali da ake mulmulawa da hannu. Launin yaɓe ma yakan bi kududdufin da aka haƙo ƙasar, shi ya sa bangon wani gari a Tsafe ba lalle ya yi kama da na Bunguɗu ba. Magini kuma yakan bar sawun yatsunsa a jikin yaɓe, har tsofaffi su dubi bango su faɗi wanda ya yi shi.

Wani zai ce wannan ai kwalliya ce ta masu wasan kwamfuta. To, a tuna da cocin Notre-Dame ta birnin Faris da ta kama da wuta a watan Afrilun 2019. Shekaru kaɗan kafin gobarar, wani masanin tarihin gini, Andrew Tallon, ya auna ginin ciki da waje da na'urar haske, awon nan kuma ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da aka dogara da su wajen sanin yadda ginin yake. A nan gida, a watan Agustan 2023, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya rufta ana cikin sallah, aka yi asarar rayuka. Ginin ƙasa ba ya jiran mai bincike ya shirya.

A Zamfara lamarin ya fi gaggawa. Gidan ƙasa da yaɓe yake rayuwa, kuma yaɓen sai da mai gida. Ƙauyukan da rashin tsaro ya tashi mutanensu, damina biyu ko uku sun isa su mayar da soro tsibin ƙasa. A garuruwan da ake zaune kuma, siminti da kwano suna cinye sauran. Yaron da aka haifa a gudun hijira cikin Gusau, da me za a nuna masa gidan ubansa?

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Wayar hannu mai kyamara ta wadatar. A zaɓi ranar da hadari ya rufe rana, domin kada inuwa ta manne a cikin launi. A ɗauki hotuna da yawa ana zagayawa, kowane hoto ya haɗa da fiye da rabin wanda ya gabace shi, a jingina ma'auni a jikin bangon don a san girma. Manhaja ta kyauta irin Meshroom za ta haɗa su ta fitar da ƙashin da fatar tare. A nemi izinin mai gida, a rubuta sunan gari da na magini da abin da ya cuɗa a cikin ƙasar. Kada kuma kowa ya jefa kansa inda babu tsaro saboda hoto. Ya kamata jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su tara waɗannan a rumbu guda, kowa ya ɗiba kyauta.

Sai dai hoto ba ya maye gurbin hannu. Hubbarorin Timbuktu da aka rushe a 2012, maginan garin ne suka tayar da su da ilimin da suka gada. Saboda haka mai ɗaukar bango ya zauna da mai yaɓa shi, ya saurara.

Ɗalibin nan nawa ya yi alkawarin in ya je gida hutu zai ɗauko bangon kakansa na gaskiya. Allah ya kai shi lafiya, ya sa ya tarar da zauren a tsaye.