Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Ruƙiyya Na Agege



Akwai wani irin mutum da ake kawo muku wanda nake roƙon ku sake duba lamarinsa. Baligi ne, tun yana yaro ana ce masa miskili ko dolo. Ba ya haɗa ido da mutane, ba ya gane habaici, hayaniya na gigita shi, in aka sauya masa tsarin da ya saba sai hankalinsa ya tashi. Bayan shekaru ya ga likita, an ce galahanga ce, wato otizim, kuma babu maganin da ke raba shi da ita. Dangi na jin haka sai su nufo zaurenku. Shawarata ita ce kada ku yi musu alkawarin waraka, ku zame masa madogara, domin abin da ya rasa ke nan.

Galahanga ba ciwo ba ce da ke kama mutum rana tsaka. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun ƙuruciya, kuma gado na da babban hannu a ciki. Likita Leo Kanner ya bayyana ta a Amurka a 1943, kuma a baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Waɗannan yara suna girma, wasu suna aure, wasu suna sana'a a kasuwar goro ko mayankar Oko-Oba. Cikin alamominta akwai tsananin jin sauti, wari da taɓi. To, ku dubi abin da ake yi a zaman ruƙiyya: karatu da ƙarfi a kunne, hayaƙi a ɗaki rufe, ƙarti sun danne kafaɗu. Mai galahanga zai toshe kunne, ya yi ihu, ya yi ta jijjiga ko ya ƙame. Waɗannan su ne alamomin da ake cewa aljani ya bayyana, alhali zaman ne da kansa ya jawo su. Sai a ƙara ƙarfin karatu, shi kuma ya ƙara firgita, kowa ya tashi da tabbacin abin da babu shi.

Za a ce ina musun aljanu ko ina raina addu'a. Ko kusa. Magana ce ta amana: wanda aka zo wurinsa neman sani, wajibi ne ya bambanta abin da ya sani da abin da yake zato. Babu mai hana ku yi masa addu'a, amma a yi ta da murya ƙasa, da yardarsa, ba ɗauri, ba duka, ba hayaƙi, ba kuma da cewa wani abu ne a jikinsa da za a fitar. Mutumin da ya shekara talatin yana jin ana cewa shi matsala ne ba ya bukatar a ƙara masa da cewa jikinsa gidan iska ne.

Za a kuma ce tunda asibiti ba ta da magani, me za a je yi can? Amsar ita ce galahanga kan zo tare da wasu larurori masu magani, kamar farfaɗiya, rashin barci, fargaba da ciwon damuwa, kuma sukan galabaitar da baligi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja na kusa da ku, ga na ƙwaƙwalwa na Tarayya a Yaba, ga na Idi-Araba. Takardar likita tana kuma taimaka masa wajen neman haƙƙinsa: Legas na da dokar masu bukata ta musamman tun 2011 da hukumar LASODA mai kula da ita, ga dokar Tarayya ta hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Bahaushen Agege da bai iya Turanci ko Yarbanci sosai ba zai sha wahalar isa waɗannan wurare in babu mai nuna masa hanya, kuma maganarku dangi suka fi ji.

Wani zai ji tsoron cewa tura mutane asibiti zai rage masa daraja. Tarihin ƙasar nan ya nuna akasin haka. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya, tsarin ya yi suna a duniya. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan masu magani na gargajiya da na addini suka haɗa kai da ma'aikatan lafiya. Galahanga ba taɓin hankali ba ce, amma darasin ya shafe ta: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin da ya rage naku ne, kuma likita ba zai iya shi ba. Ku zaunar da iyaye ku gaya musu ba sammu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Ku hana a yi masa auren gaggawa da sunan magani. Ku ja kunnen maigidansa a shago ya riƙa ba shi umarni dalla-dalla, ɗaya bayan ɗaya, ya sama masa gefen da ba ƙarar janareta. Ku nema masa wuri a ƙarshen sahu in cunkoso na damunsa. Kafin duk wannan, ku tambaye shi shi kansa abin da ke masa wuya da abin da ke masa sauƙi, domin baligi ne, ya fi kowa sanin halin da yake ciki.

Allah ya ƙara wa malamai basira. Wassalam.