ZAUREN ANTI: Maina Ba Ya Jiran Ki a Bakin Get

Yau dai hirar fim za mu yi, amma ku biyo ni a hankali, akwai magana a ciki.

A 1999, lokacin da Sangaya ya fito, ina aikin ɗaurin kaya a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Da an tashi sai mu taru a ɗakin wata ƙawarmu mai bidiyo, har da masu zuwa daga kamfanonin fata na Challawa da na Bompai. Wallahi sai da kaset ɗin nan ya fara cin zare don kallo.

Wanda ya ba da umarni shi ne Aminu Muhammad Sabo, na kamfanin Sarauniya, wanda kuma ya yi Daskin da Riɗi kafin nan. In kika jera su, har da Sangaya na biyu, za ki ga hannu ɗaya ne. Ga fada, ga alkyabba da rawani, ga yarinya mai haƙuri wadda aka raina, ga ɗan sarki. 'Yan wasa su tsaya a jere kamar a dandali, kowa ya yi magana da gwalli, ana cikin zance sai fiyano ya ɗauka a shiga waƙa. Fati Muhammad ce Zubaina baiwar gida, Ali Nuhu ne Maina, marigayiya Hauwa Ali Dodo kuwa ita ce Kilishi mai izza. Da gangan aka tsara shi haka. Tatsuniya ce aka sa wa kaya, irin ta gatanan gatananku, don a nuna mana darajar haƙuri da sharrin wulaƙanta mutum.

To ga inda gizo ke saƙar. A cikinmu akwai wata yarinya kyakkyawa, tana aikin safe tana makarantar yamma. Wani bawan Allah mai gyaran inji ya fito da gaske, har ya ce zai biya mata kuɗin jarrabawa. Ta ce ita Zubaina ce, Mainanta na nan tafe. Ta watsar da karatun, ta bi wani mai mota da ke tsayawa a bakin get. Wata shida ya ɓace, ko sallama babu. Ranar da ta zo ɗakina tana kuka, ni ma sai da na yi hawaye.

Ƙanwata, ki kalli fim ki more, ni ma har gobe ina son Sangaya. Amma ki ɗauki haƙurin Zubaina da ladabinta, ki bar musu alkyabbar. Ki riƙe littafinki da sana'arki, mai son ki tsakani da Allah gidan iyayenki zai zo.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku