Bindigar fenti mai shekara 30 tana aiki, wayarka ta shekara 3 ta mutu

A wasan paintball, wanda aka fara a jihar New Hampshire ta Amurka a 1981, 'yan wasa suna harbin juna da ƙwallayen fenti. Bindigar da aka fara da ita, Nel-Spot 007, an ƙera ta ne don yi wa bishiyoyi da shanu alama. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda tsofaffin bindigogin wasan suka ƙi mutuwa.

Ɗauki Autococker da Bud Orr ya ƙera, ko Automag ta Tom Kaye. Sun haura shekara 30, amma har yau ana wasa da su. Dalili? Cikinsu ba komai sai bawul, sifirin, zoben roba da ƙarfe. Idan iska tana zurara, a canza zoben. Idan wani sashe ya cinye kuma babu shi a kasuwa, mai injin sassaƙa ƙarfe zai auna tsohon, ya fitar da sabo. Wasu ma suna rage jikin alminiyom ɗin don ta yi sauƙin ɗauka, su sake mata launi.

Yanzu dubi wayar da ke hannunka. An manne bayanta da gam, batirin yana can ciki, wasu kamfanonin kuma suna ɗaure sikirin ko batiri da manhaja, ta yadda ko mai gyara ya sa sabo, wayar sai ta yi ƙorafi. Ina rubuta manhaja, na san wannan zaɓi ne aka yi da gangan.

Za a ce waya ta fi bindigar fenti sarƙaƙiya, kuma gaskiya ne: ba wanda zai sassaƙa maka firosesa. Gyaran ma yana da iyaka. Tukunyar iskar bindigar tana ɗaukar matsi har psi 4,500, mai hankali ba ya kai mata injin, kuma filayen wasa ba sa yarda harbi ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa. To amma batiri, sikirin da wurin caji su ne zoben robar waya. Su suka fi lalacewa, su ya kamata a iya canzawa cikin sauƙi.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin sabuwar waya, tsaya wajen mai gyara ka tambaye shi: wannan tana buɗuwa? Ana samun kayanta? Amsarsa ta fi yawan kyamarorin bayanta muhimmanci.