Wa Zai Gaji Magina?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ga magana zuwa ga malamai da fatake na Achika da sauran ƙasar Wudil.

Kowace damina sai ta ci rabonta daga ginin ƙasa. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, ya ratsa har ga azara, to, ba a daɗewa sai rufi ya rufta. Maganin wannan sananne ne ga magina, watau yaɓe da makuba tun ruwa bai sauka ba, da laso bisa rufi. Amma maginan sun tsufa, 'ya'yansu kuwa sun koma ga bulo da kwano.

A dubi Kano. Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. A 2007 aka sa ta cikin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga littafin gadon duniya na UNESCO, amma a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya. Agadas kuwa, da ba ta daina yaɓe hasumiyarta mai tsawon mita 27 ba, ta shiga littafin a 2013.

Watakila wani malami ya ce hidimar gini shagalin duniya ce. Gaskiya ne ba a bauta wa bango. Amma masallaci waƙafi ne, kiyaye waƙafi kuwa amana ce. Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu, ba ya cikin waɗanda aka ce sun ɓata lokacinsu.

Ga fatake kuma, su sani wannan aiki sana'a ce mai ci da mai ita. Hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da irin waɗannan wurare, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana koyar da ilmin tsara gini. Gine-ginen Tambutu da aka rusa a 2012, maginan garin ne suka tashe su a 2015 da taimakon UNESCO. Yaron da ya iya karanta tsohuwar takardar ajami, ya san kwaɓin tubali, ya haɗa da boko, ya fi kowa dacewa da wannan aiki.

Saboda haka abu biyu ake roƙo. Malamai su bar almajiri ko da ɗaya ya bi tsohon magini da rani. Fatake masu cin kasuwar Wudil ran Juma'a su ɗauki nauyin karatunsa, su kuma ware kuɗin yaɓen masallatai kowace shekara. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, gama in tsofaffin nan suka ƙaura, ba kasuwar da ake sayen abin da suka sani.

Allah ya ba da ikon yi, amin. Haza wassalamu.