SHARHI: Manhajojin taswirar tunani sun fara yi wa mutane karatu, me hakan ke nufi ga masu bibiyar gwamnati?

A watan Maris na 2025 kamfanin Google ya ƙara wa manhajarsa ta NotebookLM wani sabon maɓalli. Mai amfani da ita zai ɗora takardunsa, ya latsa maɓallin, cikin ɗan lokaci ta zana masa taswirar tunani: babban jigo a gefe guda, rassa suna fita daga jikinsa, kowane reshe da ƙananan rassansa. Idan ya taɓa wani reshe, manhajar za ta buɗe masa bayani a kansa tare da nuna wuraren da ta ɗauko maganar a cikin takardun. Kafin Google, tun a 2023 manhajoji irin su Miro da FigJam suka shigar da ƙirƙirarriyar basira cikin allunansu na intanet, har ta kai mutum ya rubuta jimla ɗaya na'ura ta fitar masa da rassa.

Wannan sauyi ya juya asalin dabarar baki ɗaya. Marubucin nan ɗan Birtaniya, Tony Buzan, wanda ya yaɗa ta ta hanyar shirye-shiryensa na talabijin ɗin BBC a 1974, ya gina ta ne a kan cewa mai karatu shi zai zana da hannunsa. A wurin zanen ne yake tantance abin da ya fi muhimmanci, ya ajiye shi a tsakiya, ya ga me ya danganci me. Manhajojin farko na intanet, kamar MindMeister da ta fito a 2007, sun bar wannan aiki a hannun mutum. Abin da suka ƙara shi ne damar mutane da yawa su yi aiki a kan taswira ɗaya a lokaci guda daga garuruwa daban-daban. A yanzu kuwa na'ura ce ke yin karatun, ita ce kuma ke yanke hukuncin abin da zai zama jigo da abin da zai zama reshe.

Amfanin hakan ga matashin da ke bin diddigin gwamnati ba ƙarami ba ne. Kasafin kuɗi da ƙudurorin doka da rahotannin kwamitoci sukan zo ne da ɗaruruwan shafuka cikin Turancin lauyoyi, kuma sau da yawa muhawara takan kankama a shafukan sada zumunta kafin mafi yawan masu yin ta su ga ko da shafin farko. Manhajar da za ta nuna wa mutum tsarin takarda cikin minti ɗaya tana rage tazarar da ke tsakanin mai hadiman bincike da wanda ba shi da komai sai wayar hannu.

Rikicin dokokin haraji ya isa misali. A watan Oktoba na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu na gyaran haraji. Kafin watan ya ƙare, gwamnonin Arewa sun yi taro a Kaduna sun bayyana ƙin amincewarsu da sabon tsarin rabon harajin kayayyaki na VAT, wanda ya nemi ɗaga kason da ake bayarwa bisa wurin da harajin ya fito daga kashi 20 zuwa 60 cikin ɗari. An shafe watanni ana ja-in-ja, daga baya aka daidaita a kan kashi 30, aka bar harajin a kashi 7.5 cikin ɗari, shugaban ya sa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025. Wanda ya ɗora ƙudurorin a irin wannan manhaja zai iya ganin sassansu da wuri, ya san inda zai dosa.

Sai dai a wannan misali ne kuma raunin taswirar yake bayyana. Siffarta irin ta bishiya ce, kowane reshe yana da uwa ɗaya. Doka ba haka take tafiya ba. Batun ƙara yawan harajin VAT yana cikin wani ƙuduri, batun rabonsa yana cikin wani, sannan ma'anar rabon ta dogara ne da yadda manyan kamfanoni ke biyan harajin daga hedikwatocinsu, waɗanda galibi suke Legas. Wanda ya ga waɗannan a matsayin rassa uku masu zaman kansu bai ga abin da ya tayar da ƙura ba. Bugu da ƙari, taƙaitawa takan fifita abin da takarda ta fi yin magana a kai, alhali kuwa a siyasa sakin layi ɗaya da aka ɓoye a tsakiya yana iya fin babi goma nauyi. Google da kansa yana gargaɗin masu amfani da NotebookLM cewa tana iya yin kuskure, su riƙa duba amsoshinta.

Akwai kuma haɗarin yaɗuwa. Taswira tana da kyan gani, tana da sauƙin ɗauka a hoto a tura a WhatsApp. Da zarar ta bar manhajar, mahaɗan da ke mayar da mai karatu ga asalin takarda sun yanke, sai hoton ya zama hujja da kansa. Mai son karkatar da ra'ayi ba ya buƙatar ƙirƙirar ƙarya, ya ishe shi ya zaɓi takardun da zai ɗora ya bar waɗanda ba su yi masa daɗi ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta mallaka. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Google ya rufe allonsa na Jamboard a ƙarshen Disambar 2024, ya shawarci masu amfani da shi su kwashe ayyukansu zuwa Miro ko FigJam ko Lucidspark. Tsarin kyauta na MindMeister taswira uku kawai yake bayarwa, wanda ya so ƙari sai ya biya da kuɗin waje, abin da ya ƙara nauyi tun bayan faɗuwar darajar naira da ta biyo sauyin tsarin canji na Yunin 2023. Hanyar shiga ma ba ta da tabbas: gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an kuma katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021. Ƙungiyar da duk tsare-tsarenta ke kan allon intanet takan wayi gari babu komai a hannunta a irin wannan rana.

Sirri shi ne na uku. Taswirar da ƙungiyar matasa ko ɗan jarida mai bincike zai zana takan ƙunshi sunayen mutane, da alaƙarsu, da wanda ya ba da wane bayani. Idan mahaɗin taswirar ya faɗa hannun da bai dace ba, an miƙa tsarin tafiyar gaba ɗaya a shafi guda. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu tattara bayanan jama'a alhakin kiyaye su, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da su ƙasashen waje, kuma rumbunan ajiyar waɗannan kamfanoni ba a Najeriya suke ba.

Mafita ba ta buƙatar ƙaurace wa manhajojin. Taswirar da na'ura ta zana tana da amfani a matsayin jagora zuwa shafin da ya kamata a karanta, bayan karatun kuma mai bincike ya zana tasa, ya kwatanta su, domin inda suka saɓa nan ne wurin da ya cancanci a sake dubawa. Duk taswirar da za a yaɗa ya kamata ta zo da sunan takardar da lambar sashe. Sunayen majiyoyi ba su da gurbi a allon intanet, kuma akwai manhajojin kyauta irin su Freeplane da ke aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba. Ga masu shirin bibiyar alƙawuran jam'iyyu da kasafin jihohi kafin zaɓen 2027, lokacin koyon waɗannan ƙa'idoji shi ne yanzu, kafin hotunan taswira su cika wayoyi.