Kifin whale na Arewacin Atlantika

Kifin whale na Arewacin Atlantika, wanda masana kimiyya ke kira Eubalaena glacialis, wata ƙatuwar dabbar teku ce da ke rayuwa a gabashin gaɓar Amurka da Kanada. Ana ce masa kifi ne kawai, amma ba kifi ba ne: iska yake shaƙa, haihuwa yake yi, kuma yana shayar da ɗansa nono. Waɗanda suka rage a duniya ba su kai 400 ba, kuma matan da ke iya haihuwa a cikinsu kusan 70 ne. A shekarar 2020 ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Suna da siffa

Turawa na kiransa right whale. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne mafarauta ne suka raɗa masa sunan, wato shi ne wanda ya dace a farauta, domin ba ya sauri, yana kusantar gaɓa, kuma gawarsa kan taso saman ruwa saboda yawan kitse. Mutanen Basque na Sifaniya da Faransa sun fara farautarsa tun wajen ƙarni na 11. Sai a 1935 aka haramta kashe shi.

Tsawonsa kan kai mita 15, nauyinsa kuma tan 70. Ba shi da haƙora. A maimakonsu yana da wasu dogayen faifai masu gashi a baki, da su yake tace ƙananan halittun ruwa da ba su wuce ƙwayar shinkafa ba. A kansa akwai kaushin fata mai fari-fari, kuma tsarin na kowane ɗaya daban yake, kamar zanen yatsa. Da wannan ne masu bincike a New England Aquarium da ke Boston suke gane su ɗaya bayan ɗaya.

Mazauni

Da hunturu mata kan gangara kudu zuwa gaɓar Jojiya da Fulorida su haihu, sannan su koma arewa kiwo. Daga wajen 2010 ruwan mashigin Maine ya riƙa ɗumi, abincinsu ya ƙaura, su ma suka bi shi zuwa mashigin St. Lawrence na Kanada, inda a lokacin ba a tanadi matakan kare su ba. A 2017 kaɗai an tsinci gawa 17, kuma 12 daga ciki a ruwan Kanada. A kakar 2018 ba a ga jariri ko ɗaya ba.

Taƙaddama kan igiya da gudun jirage

Abubuwa biyu ne ke kashe su: karo da jiragen ruwa, da sarƙewa cikin igiyoyin masunta. Masu kamun kaguwa da lobsta kan ajiye tarko a ƙasan teku, su ɗaura igiya zuwa wata alama da ke yawo a sama. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan dabbobi sun taɓa sarƙewa aƙalla sau ɗaya. Wadda ta tsira ma kan yi watanni tana jan igiya, ta rame, haihuwa ta yi mata wuya. A da mace kan haihu duk shekara uku; yanzu tazarar kan kai shida zuwa goma. Wannan ɓarna ta fi yawan gawarwaki tsanani, ko da yake ba ta cika shiga labarai ba.

Tun 2008 Amurka ta hana jiragen da suka kai ƙafa 65 wuce gudun kusan kilomita 18 a sa'a a wasu yankuna da lokuta. A 2022 hukumar NOAA ta nemi a haɗa da ƙananan jirage masu ƙafa 35, amma masu jirage suka yi ca a kanta, aka janye shawarar a Janairun 2025. A Disambar 2022 kuma majalisar dokokin Amurka ta ɗage sababbin ƙa'idojin kamun lobsta har ƙarshen 2028.

Masuntan jihar Maine sun daɗe suna cewa ba a taɓa tabbatar da igiyarsu ta kashe ko ɗaya ba, kuma tsoron da suke yi wa sana'arsu ba na banza ba ne, tunda garuruwa da dama da ita suke ci. Sai dai hujjar ta raunana a Janairun 2024, lokacin da gawar wata matashiyar mace ta fito a tsibirin Martha's Vineyard, igiya ta nutse a wutsiyarta, hukumar NOAA kuma ta gano alamar Maine a jikin igiyar.

Ana gwajin tarkon da ba ya buƙatar igiya a tsaye, wanda masunci ke kira da siginar sauti ya taso. Yana aiki, amma da tsada, kuma har yanzu ba a warware yadda masunci zai san inda tarkon ɗan'uwansa yake ba idan babu alama a saman ruwa.