Takardar Masauki a Ƙasar Sin: A Faɗa wa 'Yan Kasuwarmu Tun Daga Gida

Ɗan kasuwar da zai bar Kantin Kwari ya tafi sarin kaya ƙasar Sin ba ya manta biza, ba ya manta dala, ba ya manta lambar dillalinsa. Abin da ba kasafai ake faɗa masa ba shi ne, daga lokacin da ya ajiye jaka a ɗaki, doka ta ba shi awa 24 kacal 'yan sandan unguwar su san inda ya sauka. In ya tashi daga Guangzhou, a lardin Guangdong, ya nufi Yiwu a lardin Zhejiang, lissafin ya koma farko. In ya dawo ya sauka a wani gidan daban, nan ma haka. Na daɗe ina wannan hanya, kuma na ga mutanen kirki, masu biza mai kyau da kuɗin halal, sun shiga uku a kan 'yar takardar rajistar masauki.

Dokar shige da fice da ƙasar Sin ke aiki da ita an zartar da ita a 2012, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013. Sashe na 39 ya raba baƙi gida biyu. Wanda ya sauka a otal, otal ɗin ne zai ɗauki bayanan fasfonsa ya tura wa 'yan sanda, shi ba ruwansa. Wanda ya sauka a wani wuri da ba otal ba, gidan haya ne ko gidan aboki, to shi da kansa ko mai masaukinsa sai ɗayansu ya je ya yi rajista cikin awa 24. Wanda bai yi ba za a gargaɗe shi, ana kuma iya cin sa tarar da ta kai yuwan 2,000. Mai takardar izinin zama kuwa, in wani abu daga cikin bayanan da aka rubuta a takardar ya canza, kwana 10 gare shi ya je a gyara.

Tarar ba ita ce ta fi damuna ba. Alhajin da ya zo da kuɗin kwantena biyu zai iya biyan yuwan 2,000 ya ci gaba da harkarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne, takardar da ake ba mutum bayan rajistar ita ce ake tambaya idan ya je neman a tsawaita masa biza, kuma doka ta ce a nemi ƙarin tun saura kwana 7 wa'adin ya cika. Kowa ya san yadda masana'anta ke yi mana: a ce kaya za su fito ranar Litinin, sai a ƙara mako biyu saboda launin atamfar bai yi daidai da samfurin ba. Mutum ba zai tafi ya bar kuɗinsa ba. Sai ya je neman ƙarin kwanaki, a ce ina takardar masauki, ya ce babu. Kafin ya daidaita wannan, biza ta ƙare. Daga ranar ya zama mai zaman da bai halatta ba, hukuncinsa kuma na iya kaiwa yuwan 500 a kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. In aka kai ga tasa ƙeyarsa gida, ana iya hana shi shiga ƙasar na shekara 1 zuwa 5. Ga wanda shagonsa ya dogara da kayan Sin, wannan karayar arziki ce.

Me ya sa mutanenmu suka fi faɗawa? Saboda halinmu na zumunci, wanda ba zan taɓa cewa a bari ba. Bahaushe ba zai ga ɗan garinsu ya sauka a filin jirgin Baiyun ya bar shi ya kama otal ba. "Haba Alhaji, ga ɗaki a wurina, me za ka je ka kashe kuɗi?" Sai a tafi gida, a ci tuwo, a kwana ana hirar Kano. Washegari a shiga kasuwannin Xiaobei da Sanyuanli, jibi a hau jirgi zuwa Yiwu, a zarce Keqiao inda ake sayar da yadi, kuma ko'ina akwai ɗan'uwan da zai ce zo ka kwana. Tikitin jirgin ƙasa da na sama duk da lambar fasfo ake saye, don haka hukuma ta san mutum ya bar wannan lardi ya shiga wancan. Inda ya kwana ne kawai ba a rubuce ba, kuma wannan giɓin shi za a tambaye shi.

Na taɓa raka wani yaro ɗan unguwarmu ofishin 'yan sanda na wata unguwa a gefen Guangzhou. Tafiyarsa ta farko ce, da jarin da mahaifiyarsa ta haɗa masa. Ya riƙe fasfonsa da hannu biyu, ga yarjejeniyar hayar abokin da ya sauke shi a cikin leda. Jami'ar da ke bayan gilashi ta duba, ta tura takardun ta ƙarƙashin tagar, ta rubuta wani abu a wayarta ta juyo mana da fassarar: a kawo katin shaidar mai gidan da takardar mallakar gidan. Muka fito waje muka kira mai gidan. Ya ce shi mutum ɗaya ya ba haya, bai san da na biyu ba, ya kashe waya. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, to ni yanzu laifin me na yi?" A daren ya kwashe kayansa ya koma otal, kuɗin da ya yi niyyar ƙara dila ɗaya da su suka tafi a kuɗin ɗaki.

A nan nake ganin dokar ba ta yi wa baƙo adalci ba. Ta ɗora masa nauyi, alhali takardun da za su sauke nauyin suna aljihun wani. Masu gidaje da yawa ba sa son zuwa wurin 'yan sanda, wani don kada a san yana karɓar haya a nemi haraji, wani don ba ya son a riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa saboda ya ajiye baƙar fata. Sannan abin da wannan ofishi ya karɓa, na gaba zai ƙi. A birane irin su Shanghai mutum na iya yin rajistar ta waya yana zaune a ɗaki, a wani garin kuwa sai ya je da ƙafarsa ya bi layi, ba mai jin harshensa. Doka ɗaya ce a takarda, amma wanda ke yawo tsakanin larduna yana gamuwa da ita da fuska daban-daban.

Ban ce ƙasar Sin ba ta da ikon sanin inda baƙinta ke kwana ba. Mu ma a gargajiyance baƙo ba ya kwana a unguwa sai maigidansa ya sanar da mai unguwa, kuma ba wanda ya ɗauki hakan cin mutunci. Najeriya kanta ta ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta a watan Yulin 2019. Amma wanda ya kafa sharaɗi, shi ke da alhakin buɗe hanyar cika shi. Mun ga abin da ya faru a Guangzhou a watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da masu gidaje da otal-otal suka fitar da 'yan Afirka suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin, Zhou Pingjian, ya nuna masa bidiyon abin da ake yi. Wanda aka kora daga ɗaki, otal kuma ya ƙi karɓarsa, a wane adireshi zai yi rajista?

An ɗan samu sauƙi ta wannan fuska. A watan Mayun 2024 hukumomin Sin, ciki har da ma'aikatar tsaron jama'a da ta kasuwanci, sun bayyana cewa otal ba shi da hurumin korar baƙo da hujjar wai ba shi da izinin saukar 'yan ƙasar waje. Ƙorafin baƙi ne ya jawo wannan. Haka aka yi a Tailan: a 2019 aka tsananta dokar da ke tilasta wa mai gida ya kai rahoton baƙonsa cikin awa 24, baƙi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka yi ta kuka, a 2020 aka sassauta. Ke nan idan aka yi magana da murya ɗaya, ta hanyar da ta dace, ana ji. Najeriya na da ƙaramin ofishin jakadanci a Guangzhou da wani a Shanghai. Ina roƙon su nemi abu ɗaya takamaimai daga hukumomin can: idan mai gida ya ƙi ba da takardunsa, a karɓi rajistar baƙon da fasfonsa da adireshin da ya faɗa, a bi mai gidan daga baya. Wanda ya kawo kansa ofishin 'yan sanda cikin wa'adi bai kamata a sallame shi hannu wofi ba.

Sauran aikin namu ne, kuma tun daga Kano ya kamata a fara shi. Ejan ɗin da ya karɓi kuɗin mutum ya nemo masa biza, bai gama aikinsa ba sai ya zaunar da shi ya yi masa bayanin awa 24 da Hausa. Shugabannin kasuwa a Kwari da Sabon Gari, da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram, suna iya buga wannan a takarda shafi ɗaya su raba wa duk mai shirin tafiya. 'Yan'uwanmu mazauna can kuma, ku ci gaba da saukar baƙi, Allah ya saka da alheri, amma ku tambayi mai gidanku tun kafin baƙon ya taso. In ya yarda, ku kai baƙon ofishin 'yan sanda a ranar da ya iso, kafin a shiga kasuwa. In bai yarda ba, ku kama masa otal kusa da ku, ya riƙa zuwa cin abinci. Shi kuma matafiyi ya nemi takardar shaidar sauka a kowane otal, ya ɗauki hotonta a waya, ya haɗa ta da fasfonsa, wanda doka ta wajabta wa duk baƙon da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da shi. Baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou na zuwa sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, kuma a lokacin ne sababbin matafiya suka fi yawa. Kafin na gaba ya zo, ya kamata takardar bayanin nan mai shafi ɗaya ta riga ta shiga hannun ejan-ejan da shugabannin layi.